Gilashin Namadi Tela

Yayana Namadi tela ne a Bagudo, kuma ɗinkinsa bai da makusa. Abin da ya haɗa ni faɗa da shi tabarau ne.

Shekara guda bayan samun 'yanci ya tsallaka Dahome sarin yadi, ya dawo da tsohuwar kyamara. Muka ce to, za mu sha hoto. Ashe ba da mu yake ba. Furanni yake so: na kuɓewa, na yakuwa, na tumfafiya, har da na ƙasa-ƙasa da akuya ke takewa.

Kyamarar ba ta gani kusa. Sai ya ɓalle gilashi ɗaya daga tabaransa na aiki, ya liƙa a bakinta da ƙaro, ya yanki kara yana auna tazara. Fim uku ya ɓata kafin awon ya zauna. Haka yake ɗinki da ido ɗaya, ga idon ma ya soma hazo kamar na mutanen bakin kogi da yawa.

Na ce masa wauta ce. Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa duba cikin hure ba."

Da damina ta huɗu gilashin da ya rage a tabaran ya faɗi ya fashe. Sabo sai Sakkwato. Matarsa Dela ta ce, "Malam, ciro wancan ka maida. Da hure za mu ci tuwo?"

Ya ƙi. Farin furen bado bai buɗe ba a fadamar Kaoje, shi kuwa shekara biyu yana hanƙoronsa, in ya ɓalle gilashin awo ya tashi. Wata biyu Dela na zura masa zare tana mita, masu kawo ɗinki suna raguwa. Ni ma na daina zuwa shagon, don haushi.

Da badon ya buɗe ya shiga ruwa har ƙugu da hantsi, ya ɗauki abinsa. Wani mai sarin gishiri ya kai fim ɗin Kandi, can Dahome, aka wanke. Ranar da hotunan suka iso ina gidan.

Ya kai su kusa da fuska, ya nisanta, bai ga komai ba. Ya ɗauko wuƙa ya kankare ƙaron da hannunsa, ya ɗora gilashin a ido. Ya daɗe a haka. Idon ya riga ya wuce inda gilashi zai taimaka.

Ya miƙa wa Dela hoto ɗaya. "Ya hita?"

Na zaci za ta sauke masa kwandon magana, don ta tara. Sai ta goge hannu a zane ta karɓa.

"Ya hita, Malam. Ga wasu 'yan zaruruwa tsakiya, kowane da gari bisa kai. Ga jijiya cikin hwarin, siririya kamar ɗinkinka. Har wani ƙwaro shina kwance ciki."

"Ƙwaro? Ban gane shi ba sadda ni ɗauka."

"Shina nan. Ƙahwahunai shida."

Ya yi dariya. Ni kuwa tausayinsa da kunyar kaina suka rufe ni, don gaskiyarsa, ban taɓa dubawa ba. Ya ce mata, "Ɗauko na biyu. Sannu-sannu, kar ki tsallake komi."