Na Saurari Ɗan Farina Daga Bayan Zana

Malam Edita, a shekarun da ake shirin samun mulkin kai ni ne malamin ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin gina hanya da kwalbatoci a Wudil. Ilimina na elemantare ne, na iya biro, na iya tsawa, shi ke nan. Sai aka ce in nemo samarin da suka gama makarantar koyon sana'a, a horar da su su zama ƙananan injiniyoyi. Nan ido ya raina fata. Yaro zai tsaya gabana yana zancen safiyo da kankare da rodi, ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar ƙadangare. Dole na ajiye girman kai na riƙa bin helima, wato shugaban ma'aikatanmu, da goro, yana koya mini kalma ɗaya ɗaya, yana yi mini dariya.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ba don aikin kaɗai na dage ba. Ɗan farina yana wannan makaranta. A hannun yayana ya tashi a birni, kuma kun san al'adarmu, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. Na ɗauka in na iya yaren sana'arsa, wata rana zan sami abin da zan ce masa.

Ran nan sai ga shi cikin masu neman aiki. Kunya ta hana ni zama, na sa helima ya yi masa tambayoyi, ni kuma na koma bayan zanan rumfa na kasa kunne. Aka tambaye shi dalilin da ake shayar da kankare ruwa bayan an zuba. Ya yi bayani a natse, ya kawo misali da yashin koginmu. Wallahi ban taɓa jin muryarsa ta yi tsawo haka ba, kuma duk abin da ya faɗa na gane. Har ƙwalla na yi.

Gurbi ɗaya ya rage, tsakaninsa da ɗan wani abokina na Lajawa. Helima ya ce nawa ya fi, nesa ba kusa ba. Na ce me mutane za su ce, a ji na ɗauki ɗan cikina na bar ɗan amini? Na yi kara, na ba wancan. Ɗan nawa ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ranar Juma'a da kasuwa ta watse ya hau motar Kurmi, wato Kudu. Can ya sami aiki, can ya yi aure. Sau ɗaya ya dawo, ta'aziyyar mahaifiyarsa. Muka zauna a zaure, bakina cike da magana, amma abin da ya fito shi ne, "Yaya hanya?"

Ina kewarsa, yau na faɗa. Na gane karar da za ka yi da haƙƙin ɗanka ba kara ba ce, tsoron bakin mutane ne. Iyaye, in ɗanku ya cancanta ku ba shi, in ya burge ku ku gaya masa tun yana kusa. An ce babban jikana na can da ni yake kama. Ban taɓa ganinsa ba.