Kwana Ukun Yaya Barau a Ramin Alhaji Sabo

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Sule Tankarkar ya san Yaya Barau ba ya karyawa sai ya gaisa da katangarsa. In ya fito masallaci da asuba sai ya zagaya bayanta da sanda, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya kara kunne kamar likita. In na gaishe shi a lokacin sai ya ɗaga hannu: "Dakata, Garba, tana magana."

Katangar ƙasa ce, mahaifinsa ya gina. Gidansu a kan tudu yake, filin maƙwabcinsa Alhaji Sabo a gangare, saboda haka ita ke riƙe da ƙasar tsakar gidan gaba ɗaya. A jikinta kuma ɗakin yayarsa Hajjo ya jingina, wadda idonta ya tafi tun da daɗewa. Da katangar take gane hanya: ta dafa ta zuwa madafa, ta dafa ta zuwa bayi.

Ba a ɗaure mata akuya, ba a jingina mata babur. Wata shekarar zaɓe samari suka zo da fosta za su manna. Ya leƙa hoton ya ce, "Wannan mai murmushin, ya taɓa kwaɓa ƙasa?"

"Baba, ai shi zai kawo mana kwalta."

"To ku adana, in ta zo ku manna a jikinta."

Ni kuwa na yi shekaru ina jan babbar mota, daga Maigatari zuwa Damagaram, Agadas, Njamena har Kumasi, kuma duk dawowa sai na kawo masa shawara. Na ce, "Yaya, a Kumasi da dutse da siminti ake tare gangare irin wannan. Rushe ta ka yi ta bulo."

Ya ce, "Su mutanen Kumasin, sun taɓa zuwa nan suka ga tawa?"

"A'a."

"Shi ya sa. Ka yi musu uzuri."

Wallahi da Faransanci na yi gardama da ma'aikatan kan iyaka na ci, amma da Hausa ban taɓa cin Yaya Barau ba!

To, ana dab da damina Alhaji Sabo ya tashi ginin sabon sashe, ya sa a haƙa masa shadda taku biyu daga gindin katangar. Barau ya je har zaurensa da sallama. Ya ce, "Alhaji, ƙasarmu rairayi ce. In ruwa ya sauka ramin nan zai rufta, katangar ta bi shi, ɗakin Hajjo ya bi ta."

Alhaji ya ce, "Malam Barau, filina ne fa. Magini ya ce ba komai."

Ranar farko masu haƙa suka kai tsayin ƙirji. Washegari da suka zo da diga da shebur, me za su gani? Yaya Barau a cikin rami, ya shimfiɗa tabarma, ga buta, ga rediyo yana sauraron labarai!

"Baba, aiki za mu yi."

"Bismillah, ku yi. Ban hana kowa ba. Ni dai ina zaune."

Wa zai ɗaga diga a kan tsoho? Suka koma inuwa. Kafin azahar labari ya kai kasuwa. Mutane suka yi ta zuwa suna leƙawa: "Barka da sabon gida, Malam!" Shi kuma yana amsawa, "Madalla, ku shigo mana." Matarsa Rakiya da guga take zura masa fura, tana mita: "Shekara arba'in ina kai maka abinci gona, yau kuma rijiya!"

Mai unguwa ya zo da kansa. Ya ce, "Malam Barau, gaskiya fa filin na Alhaji ne."

"Ranka ya daɗe, na ce nawa ne? Baƙunta na zo. Ko yanzu a garin nan an fara korar baƙo?"

Mai unguwa ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa, ya juya ya tafi.

Ranar da ya cika kwana uku a ramin aka ce ni in je in lallashe shi. Na sauka ciki na zauna. Ya rage muryar rediyo ya ce, "Garba, kai ka ga duniya. Hajjo kuwa duniyarta ke nan, tsawon katangar nan. In aka yi mata sabuwa ma, hannunta bai san ta ba." Na karɓi ludayi muka sha furar tare.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ni dai na fito, ba zan ɓoye muku ba. Ruwa ya kece, nan da nan ya kai masa gwiwa, gefen ramin na wajen katanga ya fara zubewa. Sai ga Alhaji Sabo a guje, babbar riga sharkaf, babu hula.

"Malam Barau, don girman Allah fito!"

"An fasa?"

"An fasa!"

"Ɗaga murya, ruwa ya hana ni ji."

"Na ce an fasa! Zan mayar da shaddar can ƙarshen fili!"

Sannan ya miƙo rediyo, ya miƙo buta, ya miƙo hannu. Da muka jawo shi, ya matse gefen riga ya dubi Alhaji ya ce, "Na gode da masauki. Sai dai ɗakin na yoyo."

A cikin ruwan nan muka tokare katangar da azara, muka cike ramin, Alhaji na gaba da shebur, Barau na ba da umarni. Hajjo kuwa tana ƙofar ɗakinta, tafinta a jikin katanga, tana tambayar wace irin hayaniya ce wannan.

Damina biyu ke nan da rasuwar Yaya Barau. Hajjo na nan da ranta, kuma kowace bazara Alhaji Sabo ke sa a yi wa katangar yaɓe ta ɓangarensa, ya tsaya a kai har a gama.

Ya Allah, bawanka Barau ya kwana uku a rami saboda 'yar'uwarsa. Ka yalwata masa wanda yake ciki yanzu, ka haskaka shi, ka gafarta masa. Amin.