Malam Inci da Allo Uku

Mijina mai zanen gidaje ne, kuma duk layinmu Malam Inci ake ce masa, don ba ya rabo da tef ɗin awo. Ko labule zan sauya sai ya zaro shi daga aljihu. Ranar da aka kawo gadon aurenmu ma sai da ya auna ƙofa kafin ya bari a shiga da shi, dangina na tsaye suna cizon yatsa.

A ofishinsa, wani ɗan shago mai taga ɗaya, tebur uku yake aiki a kai tun yana saurayi. Na hagu na shimfiɗar gida ne, wato tsarin ɗakuna, na tsakiya na fuskar gida, na dama kuwa nan yake baza 'yan zane-zanen da masu gida suka yi da hannunsu a bayan ambulan. Kujerarsa mai taya ce, yana zuwa yana dawowa tsakaninsu har ta ci siminti.

Da masu gini suka koma neman zane na kwamfuta, bai yi gardama ba, ya saya ya koya. Matsalar allon ce. Guda ɗaya tak. In ya buɗe shimfiɗa, fuska ta ɓuya. In ya koma fuska, ya manta inda ya sa matakala.

"Kamar ta kafar makulli nake leƙen gida," in ji shi. Bai yi shawara da kowa ba ya je ya ce wa mai shagon zai sakar masa wuri ƙarshen wata.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Na san mutumina: in ya bar zane, rabinsa ya tafi. Ga shi tun kafin watan ya ƙare ya fara yini a gida yana auna mini tazarar murhu da bango.

Na same shi na ce, "Malam, tebur uku ka saba da su. Me zai hana allo uku?"

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Washegari sai ga shi da allo biyu na hannu. Amma akwatin kwamfutar kafa ɗaya gare shi ta soka wayar allo. Mai gyaran kwamfuta ta bakin titi, wata mata mai fara'a, ta ce sai an sa katin hoto, wani faranti da ake sokawa cikin akwatin, shi ke raba hoto ga alluna. Ta ce ya kawo akwatin ta gani. Ina! Malam ya wuce kasuwa shi kaɗai, ya zaɓo wanda ya fi kowanne girma da nauyi, mai fanka uku, wai kowane allo da fankarsa.

Tare muka kai mata. Ta buɗe akwatin, ta gwada ta nan, ta gwada ta can, katin ya ƙi shiga, wutsiyarsa a waje.

Ta ce, "Baba, ka auna akwatin kuwa kafin ka saya?"

Ni dai na kasa riƙe dariya, har da dafa teburinta. Mutumin da ya auna ƙofa ranar aurensa! Ya taɓa aljihu, tef na nan, ya sunkuyar da kai, sannan shi ma ya fashe.

"Yau kam kin samu abin faɗi," ya ce mini.

Matar ta ce wannan na masu wasan kwamfuta ne, wuta kawai zai sha. Zanen layi irin nasa ƙaramin kati ya ishe shi. Abin dubawa shi ne tsawonsa, da yawan kafofinsa, da ko bakinsu ya dace da wayoyin allunansa. Nan fa aka zo fagensa. Ya auna cikin akwatin, ya zana bakin kowace waya daidai da girmanta, ya koma kasuwa ya musanya. Wanda ya dawo da shi siriri ne, ba fanka, ba ƙara, ya shige kamar don akwatin aka yi shi.

Ina tsaye a ofis aka kunna. Shimfiɗa ta fito a hagu, fuska a tsakiya, zanen ambulan a dama. Ya tura kujera, ta tafi da shi, ta dawo. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa hannuna.

Ƙarshen wata mai shago ya zo da wani wanzami ya ga wurin. Na kawo abinci ke nan. Malam na tare da wasu ango da amarya, amaryar na nuna allon tsakiya tana so a faɗaɗa mata tagar kicin.

Mai shago ya ce, "Malam, ga mai karɓar wurin na kawo."

Malam ya miƙe ya gaisa da su, ya ba wanzamin haƙuri da hannu biyu.

"A nema masa wani wurin, in ya samu ni zan zana masa shi kyauta. Nan kam ina ciki. Amarya, matso ki nuna mini, har ina kike son tagar ta kai?"