Ƙoƙon da Baba Ya Sha a Ɗakin Ajiyar Katifu

Baba ya zo London ne don a duba masa ido, da niyyar ya koma gida kafin shuka. Annobar korona ta rufe hanya da shi a ɗan gidana na Abbey Wood. Da aka buɗe hanyar kuma ni na ƙi barinsa ya tafi, don a ganina nan ne zan iya sa masa ido. Tsohon mai bishara ne daga kudancin Kaduna, ya haura saba'in, ga ciwon suga ga hawan jini. Ni kuwa nas ce a babban asibitin Camberwell, a ɗakin da ake kwantar da masu cutar. Kullum na dawo aiki, a bakin ƙofa nake tuɓe kaya in ɗure su a leda, in yi wanka, sannan in gaishe shi daga nesa. Kwanonsa daban, cokalinsa daban. Tsorona ɗaya ne a duniya a lokacin, kada cutar nan ta kama Baba.

Tun kafin kulle ya nemo wa kansa coci da ƙafarsa. Na kai shi irin namu na 'yan Najeriya, ya dawo yana cewa suna ihu sai ka ce Allah kurma ne. Wanda ya yi masa wata 'yar majami'a ce a bayan tashar jirgi, yawancinsu Turawa tsofaffi, suna rera tsofaffin waƙoƙin da Baba ya sani da Hausa. Su rera da Turanci, shi ya bi su da namu. Fastonsu dogon Bature ne mai sanyin murya. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, mutumin kirki ne. Lokacin da sayayya ta yi wuya, shi da kansa yake ajiye mana madara da burodi a bakin ƙofa, ya ja da baya, ya tambayi lafiyar Baba.

Da zafi ya shigo aka yi zanga-zangar nan kan baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Amurka. Baba yana sauraron wa'azin faston a wayata, ni ina jiyowa daga kicin. Faston ya ce matsalar ɗan Adam ba launin fata ba ce, zunubi ce. Ya ce a gaban Almasihu babu baƙi babu fari, kuma duk mai tono maganar launi raba jikin ikilisiya yake yi. Ya ce gwamnatin da ta bar dubban mutane suka cika titi suna durƙuso ita ce ta sa wa gidan Allah kwaɗo. Baba yana ta gyaɗa kai.

Na fito da ludayi a hannu. "Baba, ka zo ward ɗinmu ka ga su waye a kwance. Direbobin bas, masu shara, masu tura gado. Ka ƙirga baƙaƙen ciki, sannan ya faɗa maka babu launi."

Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. "Da aka ƙone ƙauyukanmu wa ya durƙusa a titi? Baƙi ne suka kashe baƙi, duniya ta yi shiru. Mugunta a zuciya take."

Haushi ya ishe ni, don maganarsa da gaskiya a ciki, tawa ma da gaskiya a ciki, amma ba su haɗu a ko'ina ba. Na koma na ci gaba da kaɗa miya.

Da sanyi ya kama aka sake kulle, aka hana taron sujada. A lokacin ne muryar faston ta canza. Sanyinta yana nan, amma abin da take faɗa ya daina yi mini daɗi. Ya ce hukuma tana da iko a kan haraji da tituna, ba ta da iko a kan teburin Ubangiji. Ya ce tsoron mutuwa shi ne gunkin zamani, takunkumin fuska kuma alamarsa. Bayan nan aka daina sa wa'azin a waya gaba ɗaya. Wata Juma'a ya zo bakin ƙofa, ba madara a hannunsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa da Baba. Yana tafiya na tambayi Baba abin da ya kawo shi.

Baba bai ɓoye mini ba. Za su taru ranar Lahadi a ɗakin ajiyar wani ɗan coci mai sayar da katifu, wajen Thamesmead. Kowa ya bar wayarsa a gida, a shiga ɗaya-ɗaya ta ƙofar baya. Za a yi Jibin Ubangiji, gurasa ɗaya, ruwan inabi a ƙoƙo ɗaya, kamar yadda suka saba.

"Ƙoƙo ɗaya? Baba, an yi cancel ɗin komai a ƙasar nan, har bikin aure, kai kuma za ka je ka sa baki inda mutum talatin suka sa? Wata nawa nake wanke maka cokali da tafasasshen ruwa?"

Ya bar ni na yi faɗana har na gaji. Sannan ya ba ni wani labari da ban taɓa ji ba. Ya ce lokacin da yake saurayi, sabon mai bishara a tashar mishan, ƙoƙo biyu ake ajiyewa ranar Jibi. Na azurfa na Turawa ne da matansu a kujerun gaba. Na gwangwani na sauran jama'a ne. Turawan sun ce saboda lafiya ne, wai akwai tarin fuka a gari. Shi da suka koya wa karatu, yake fassara musu wa'azi, yake cin abinci a barandarsu, bai taɓa sa baki a na azurfar ba har suka bar ƙasar.

"Ran da na fara zuwa cocin nan," ya ce, "wata tsohuwar Baturiya ta sha bayana. Ina kallonta. Ko juya ƙoƙon ba ta yi ba. Yanzu ke kina so in ce musu ina ƙyamar bakinsu saboda lafiya? Wannan kalmar na san ta, Uwata."

Na iya allura, na iya lallashin mara lafiya, amma ban iya hana mahaifina fita ba. Na ce to, ƙafata ƙafarsa. A raina ina cewa ko da ƙarfi ne ba zan bari ƙoƙon nan ya kai bakinsa ba.

Ranar Lahadi da hantsi sararin sama ya yi duhu, ana yayyafi. Wurin babu taga ko ɗaya. Katifu a jingine cikin leda har rufi, suna shanye sauti, sai muryoyi suka zama kamar daga cikin bargo. An jera kujerun roba a zagaye, kafaɗa na gogar kafaɗa, an kunna hita mai hura iska ɗaya tana juya numfashin kowa. Ni kaɗai ce da takunkumi. Ba wanda ya ce mini komai, murmushi kawai suke yi mini, irin wanda ake yi wa mara lafiya. Na zaunar da Baba a damana. A haguna wani jibgegen Bature ne mai gyaran famfo, wanda Baba ya ce ya taɓa gyara musu bututun coci kyauta.

Tun a waƙar farko na ji shi. Tari ne busasshe, gajere, wanda yake fitowa uku-uku. Mai gyaran famfon ya danne shi a hannun riga, ya ce wa na kusa da shi ƙurar katifa ce. Goshinsa yana naso, alhali ni yatsuna sun ƙanƙare. Na yi wata da watanni ina jin irin tarin nan daga gado zuwa gado. Na raɗa wa Baba mu tashi. Ya dafa gwiwata, idonsa a rufe, yana bin waƙa.

Aka kakkarya gurasa, ta wuce. Sannan ƙoƙon ya taso daga hannun faston, yana zagayowa ta haguna, kowa ya kurɓa ya goge bakin da ɗan farin ƙyalle ya miƙa gaba. Ƙyallen ma ɗaya ne. Ina bin sa da ido yana matsowa. Mai gyaran famfo ya karɓa da hannu biyu, ya sha, ya goge, ya miƙo mini da fara'a. Saura kamar rabi a ciki, ga mutane da dama a bayan Baba ba su sha ba.

Na janye takunkumi na kafa kai na shanye shi tas.

Na riƙe ƙoƙon a cinyata da hannu biyu, na ƙi miƙawa. Faston ya taso a hankali ya tsaya a gabana, ya miƙo hannu. Bai ɗaga murya ba. Da Turanci ya ce, 'yar'uwa, teburin nan ba ya ƙarewa. Na dubi Baba ko zai taimake ni. Baba ne ya zare ƙoƙon daga yatsuna, ya ba faston. Aka ɗauko kwalba daga ƙarƙashin tebur aka sake cika shi, shi ɗin dai, ba a ko ɗauraye ba. Baba ya miƙe tsaye, abin da ba wanda ya yi, ya sha a tsanake, ya miƙa wa Baturiyar da ke damansa.

A bas muna dawowa ya ce, "Yau ke kika fi kowa ƙishi." Ban yi dariya ba. Can ya ce, "Na san abin da kika yi. Allah ya yi miki albarka. Amma ba naki ba ne ki hana." Na juya fuskata wajen taga, ina jin haushinsa da tausayinsa har wuya.

Tsakiyar mako faston ya bugo. Ya ce motar asibiti ta ɗauki mai gyaran famfo, an sa masa iska. Ya roƙi a yi masa addu'a. Sannan ya ce idan masu bin diddigin cutar suka kira, mu yi hikima da abin da za mu faɗa, don kada a ba maƙiyan bishara abin magana. Na ce masa ni kam na riga na faɗa wa shugabata a wurin aiki, an ce in zauna a gida. Ya ce zai sa ni a addu'a. Daga ranar ba mu sake ganin madara a bakin ƙofa ba.

Sai zaman jira. Gwajina ya fito lafiya lau, Baba kuwa ya ƙi a sa masa tsinke a hanci. Ina auna zafin jikinsa safe da yamma yana tsokanata, wai na mai da shi jariri. Ko gyaran murya ya yi a ɗaki sai in saki abin da ke hannuna in kasa kunne. Mako ya zagayo ba tari ba zazzaɓi. Na fara cewa a raina wataƙila mun tsira.

Don murna na tuƙa masa tuwon semo da miyar kuka, na zuba daddawa ba tausayi, har sai da na buɗe taga don kada maƙwabta su yi ƙorafi. Na ajiye masa, na zauna nesa kaɗan ina kallo. Ya yi addu'a, ya yanki loma, ya tauna, ya sake yankar wata. Ya sunkuya ya shinshina kwanon.

"Uwata, daddawarki ta ƙare ne? Miyar nan salam take, ko ƙamshi babu."

A ɗakinmu na asibiti, da haka mutane da yawa suke fara ba da labarin ciwonsu, abinci ya daina ɗanɗano, hanci ya daina jin komai. Baba ma ya sani, don ni na sha faɗa masa. Na ga lokacin da ya tuna, hannunsa ya tsaya a kan tuwon.

Na ce bari in ƙara. Na ɗauki kwanon na shiga kicin, na tsaya riƙe da shi. Ban ƙara komai ba. Na dawo na ajiye masa. Ya dangwala, ya kai baki, ya ɗago ya dube ni da murmushi.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ta yi."