Amsa Uku a Ƙarƙashin Saƙo

Idan ka bi layinmu ka ɗaga kai, rabin allunan shagunan da za ka gani rubutun kawuna ne, waɗanda rana ba ta gama cinyewa ba ke nan. Buroshi ake ce masa, har yaran da aka haifa bayan kasuwarsa ta mutu. Mutum ne mai tsabtar aiki da taurin kan tsiya. Ya taɓa sauko da allon wani mai gyaran takalma bayan an kafa, wai wutsiyar harafi ɗaya ta karkace, mai shagon na roƙonsa ya bari, ya ƙi. Shagonsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, cike da gwangwanaye da warin kananzir, ga rigar aikinsa a rataye, ta sha fenti har tana iya tsayuwa da kanta.

Injin buga manyan takardu ya fara kwashe masa aiki, sannan matarsa ta rasu. Ɗansu ɗaya ne, Dogo, shi ma ya samu aiki a jirgin ruwan dakon kaya ya tafi. A can tsakiyar ruwa kira ba ya shiga, sai imel. Ni kuwa ina da shagon buga rubutu da hoton takardu, don haka duk mako Kawu zai zo ya kori ko wane ne a kan tsohuwar kwamfutata, ya gyara tabarau, ya shiga rubuta wa ɗansa da yatsa ɗaya. Da Turanci yake yi, don a ganinsa wasiƙar da ta tsallaka teku da Turanci ta dace. Ba ya barin komai: rufin ɗaki da ke yoyo, maƙwabcin da ya mutu, kyanwar da ta haihu a cikin kwalin fenti.

Amsa kan zo da wuri, kuma ba ta wuce layi ɗaya. Na gode ƙwarai. To, na gani. Madalla, na ji daɗin jin haka. Kawu ya ce yaron gado ya yi, uwarsa ma ba mai yawan magana ba ce, kuma mai aiki a kan ruwa ina ya ga lokacin surutu. Ko da ya rubuta masa cewa hannunsa ya fara rawa ya rufe shagon, amsar da ta zo ita ce madalla, na ji daɗin jin haka. Na karanta gabana ya faɗi. Shi kuwa ya ce ai hankali ne da yaron, yana nufin gara ya huta. Da sauran ƙarfin hannun ya samu guntun katako ya rubuta kalmomin da shuɗin fenti, ya rataye a saman gadonsa. Allonsa na ƙarshe ke nan.

Sai Dogo ya aiko masa da sabuwar waya ta hannun wani abokin aiki. Da ma bai aiko ba.

Tun ranar farko suka saɓa da wayar. Da ya fara rubuta kalma sai wasu haruffa masu toka-toka su riga shi gaba su ƙarasa masa zancen. Ya zo shagona yana huci, wai a duniya bai taɓa ganin marar kunya irin wannan ba, babba na magana tana tsoma baki. Na yi dariya na ce ai taimako ne, Kawu. Ya ce wanda ya shekara da shekaru yana rubuta wa gari suna ba ya neman ɗan jagora.

Muna cikin haka saƙo ya shigo daga Dogo, karo na farko da shi ya fara rubutowa: yana son hoton takardar haihuwarsa. A ƙarƙashin saƙon wayar ta jera wasu ƙananan akwatuna uku, kowanne da rubutu a ciki. Kawu ya kai wayar kusa da hancinsa ya karanta a hankali. Na farko, to, na gani. Na biyu, na gode ƙwarai. Bai karanta na ukun a fili ba.

Ya tambaye ni wa ya rubuta waɗannan. Na ce wayar ce, tana duba saƙo ta shirya amsa, mutum ya taɓa wadda yake so ta tafi.

"Ba sai ya karanta ba?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi, amma Kawu ba a yi masa. Na ce ba dole ba ne.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya miƙo min wayar ya ce in kashe duka, da mai riga shi magana da mai amsawa a madadinsa. Na shiga wajen saiti na cire alamar da ke gaban kowanne, abin da bai kai a sha ruwa ba. Ya karɓa ya duba, fili fari tas. Ya ce to ta Dogo fa, in kashe ita ma. Na ce daga nan ba a iya kashe ta, sai mai ita.

A nan ya zauna ya rubuta wa ɗansa, hannu na rawa, yana gogewa yana sakewa. Ba zagi ba gori, na gani da idona. Ya ce masa ya gano abin akwatunan nan, kuma bai yi fushi ba. Abu ɗaya yake roƙo: ya kashe su, ko kalma biyu ce ya rubuta da hannunsa, ko da kuskure a ciki. Washegari amsa ta zo, har da harafi ɗaya a juye: "Yi haƙuri Baba, na kashe." Kawu ya zagaya layin nan kaf yana nuna wa mutane kuskuren, kamar wanda aka ba kyautar gida.

Daga ita ba a sake ba.

Ya ci gaba da rubutawa duk mako. Ya ba da labarin asibiti, ya ba da labarin mai gidan da ya ba wani mai cajin waya lungun matakala. Shiru. Mun san Dogo lafiyarsa lau, don abokin aikin nan kan gaya mana. Haushi ya ishe ni har na ce zan rubuta masa abin da ba zai manta ba, Kawu ya hana, ya ce ɗansa ba abokin wasana ba ne. Ya rame, wando ya fara zame masa. Da an taɓa ƙofa sai ya duba waya, kamar ta ƙofar saƙon zai shigo. Allon shuɗin fentin ya sauke shi ya kifa a bayan akwati, amma bai yar ba.

Ciwon ya kwantar da shi a ƙarshen shekara. Na je da rana na tarar da allon ya koma kan ƙusarsa, a karkace, abin da a da ba zai iya kwana da shi ba. Yatsun sun daina bin umarninsa, sai ya turo min wayar a kan bargo ya ce in rubuta wa yayana Dogo.

Na gyara zama, ina jiran doguwar magana, ta rufin ɗaki da maƙwabta.

"Kar ki tsawaita, 'yar nan," in ji shi. "Ki ce masa ya kunna abin nan."