Igiyar Guga da Motocin Haƙa Biyu

Rubuta, 'yata, kada ki damu da hawayena. Tun da aka kai maigidana makwanci haka nake, ko sunansa aka ambata sai ido ya cika.

A shekarar 1969 ruwa ya ishe mu a Zangon Kumasi. Duk damina sai ya shigo har ƙarƙashin gado. Aka ba wani ɗan kwangila aikin haƙa kwata a lungunmu, kuma maigidana ne direbansa. Motocin haƙa biyu aka nuna musu su zaɓi ɗaya. Kowacce da babban cokalin kwasar ƙasa a gaba, da hannun haƙa a baya.

Akawun ɗan kwangilar ya karanta takardu, ya ce babbar za a ɗauka. Injinta ya fi ƙarfi, hannunta ya fi zurfi, cokalinta ya fi ɗiba. Amma idan ba ta shiga lungu ba, sai a rushe bangon gaba na gidaje. Bangon gabanmu kuwa shi ne na ɗakin kwananmu.

Maigida bai iya karatu ba, ni ma haka. Ya dawo ya zauna, ko tuwo ya ƙi taɓawa.

Na ce, "Malam, takardar nan ta taɓa shigowa lungunmu?"

Ya ce, "Ke kuma, da wasa kike?"

Na kwance igiyar gugana. Muka je inda lungun ya fi matsewa, wajen mai sayar da gawayi, maigida ya riƙe bakin igiyar a bangon nan, na yi ƙulli a wancan. Mata suna dariya, wata ta ce, "Yaya, rijiya za ku haƙa a hanya?"

Washegari na bi shi wurin da aka ajiye motocin, bayan kasuwar Kejetia. Ya shimfiɗa igiya a gaban babbar, tayarta ta wuce ƙullin da taƙi guda. Ƙaramar kuwa ta bar sarari. Sannan ya hau ta, ya nuna wa ɗan kwangila abin da akawu ya tsallake. Hannun babbar a tsakiya yake a kafe. Na ƙaramar yana zamewa gefe, ya yi haƙa dab da bango.

Akawu ya ce, "Da igiyar mace za a zaɓi inji?"

Ɗan kwangila ya ce, "Kai da takardarka, ina ka auna lungu?"

Ƙaramar aka ɗauka. A farkon 1970 ta shigo, maigidana a kanta, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na yi guɗa har muryata ta dushe. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana haƙa, ko bulo ɗaya bai faɗi ba.

Da ruwan farko ya sauko, muka tsaya bakin ƙofa, muna kallonsa yana wucewa a kwata, bai leƙo gidan kowa ba. Allah ya jiƙan wannan bawan nasa, ya haskaka kabarinsa.