Majvor Ta Ƙi Cewa Ita Ke Tuƙi

A ƙauyenmu, can arewacin Sweden, duk wanda ya yi makaranta ya hau motar Majvor Edlund. Shekara ashirin da bakwai tana jigilar ɗalibai, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa. Gajeriyar mace ce mai faɗa, ba ta tayar da mota sai kowa ya ɗaura bel.

Ita ta riƙe jikarta Tuva tun tana shekara huɗu, bayan uwar ta tafi aiki birni. Da Tuva ta cika sha biyar, Majvor da ɗanta Stellan, kawun Tuva, suka gyara mata wata tsohuwar mota, irin wadda ake bari matasanmu su ja bayan an daƙile mata gudu.

"Ƙawata, wannan ai kunkuru ma sai ya wuce ki," in ji Majvor.

"Haba Kaka, taki fa? Ai a ƙafa muke rigan ta zuwa."

Ranar bikin tsakiyar bazara, Tuva tana da shekara sha shida, ita da ƙawayenta suka sha giyar tuffa a bakin tafki. Da yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna, ta kamo hanyar gida a motarta. Daf da ƙofarsu ta kwashe maƙwabcinsu, tsoho Elof Nyberg, daga kan kekensa.

Majvor da Stellan suna cin kifi da dankali a tsakar gida suka ji ƙarar. Suka tarar da Elof a sume, Tuva na tsaye, bakinta na warin giya. Majvor ta kira motar asibiti, ta cire rigar sanyinta ta tallafe masa kai.

Stellan ya duba hanya, babu kowa. Ya sunkuyo.

"Mama, ki ce ke ce. Ko ɗigo ba ki sha ba, za a ce tsautsayi ne."

"Rufe mini baki."

"Yarinya ce fa! Kotu za a kai ta."

Tuva ta riƙo hannunta. "Kaka, don Allah. Ba zan sake ba."

Majvor ta daɗe tana kallon fuskar Elof. Da 'yan sanda suka iso suka tambayi mai tuƙi, da bakinta ta ce, "Jikata ce. Ku sa ta hura."

Aka auna numfashinta, giyar ta wuce ƙa'ida nesa. Aka karɓe lasinta nan take. Da lokacin kaka ya kama, kotu ta zauna, ta yanke mata aikin horo ba biya, saboda ƙuruciyarta, aka kuma ɗage mata lokacin neman lasin tuƙi na manya. Ma'aikatan kula da yara suka yi ta zarya gidan, suna tambayar Majvor yadda take renon yarinyar. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Ƙugun Elof ya karye. Wata uku ya yi a asibiti, kuma bai sake hawa keke ba.

Tuva ta yi aikinta a gidan tsofaffi, wankin kwanuka da tura keken guragu. Ranar da ta gama, ta haɗa kayanta ta koma wurin uwarta a birni, ko sallama babu. Stellan ya daina zuwa cin abincin Lahadi.

Ƙauye ya rabu biyu. Wasu na cewa Majvor ta yi daidai, wasu na cewa zuciyarta dutse ce. Ni dai na same ta wata safiya a tashar mai, ta rame ƙwarai. Na tambaye ta labarin Tuva.

"An ce tana lafiya," ta ce. "Ina rubuta mata, ba ta amsawa."

"Kina da-na-sani?"

Ta murza safar hannunta.

"Kullum. Amma da Elof ya farfaɗo ya tambaye ni wa ya buge shi, me zan ce masa?"

Bara ta yi ritaya. Duk Talata ita ke kai Elof gashin ƙashi a gari, ta jira shi a mota.